Tashe a Bakin Masana'antu: Wane Ne Mai Wasan?

Duk shekara idan azumi ya kai kwana 10, akwai gardamar da ke tashi a Kano kamar an yanka mata lokaci. Yara sun tara gwangwanaye da auduga da tsofaffin riguna, suna jiran a sha ruwa su fita tashe. Iyaye sun rabu biyu, wasu na cewa a bar yara su yi abin da muka yi, wasu na cewa zamanin ya wuce. Rundunar 'yan sandan jihar kuwa, a 'yan shekarun nan ta sha fitar da sanarwar dakatar da wasan, bisa hujjar cewa ɓata-gari na fakewa da shi suna ƙwacen waya da faɗan daba. Masu kishin al'ada su koka a gidajen rediyo, Sallah ta zo, maganar ta kwanta sai baɗi.

Inda wannan gardama ta fi fitowa fili shi ne garuruwan da birni ya cim musu, irin su Zawaciki a Ƙaramar Hukumar Kumbotso, kan hanyar Panshekara. Gari ne na manoma tun asali, amma yau yana tsakiyar harkar masana'antu: Sharada na gefe guda, Challawa na ɗaya gefen, ga kuma tashar tsandauri ta Dala da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a cikinsa a watan Janairun 2023. A irin wannan wuri ne za a gane abin da ke riƙe da bikin gari, da abin da ke kwance shi. Wasan da ake ɓad da kama a cikinsa yana zama lafiya ne muddin mutanen gari sun san wanda ke cikin kayan, kuma akwai wanda zai iya tsawata masa. Wannan sanayya ce ta yi rauni, kuma ita ya kamata a yi wa magani.

Abin da ake yi a tashe

Abin da aka fi faɗa game da asalin tashe shi ne ya samo tushe daga masu zagayawa da kiɗa suna farkar da mutane don sahur, musamman gwagware da ba su da matan da za su tashe su. Daga nan ya faɗaɗa ya zama wasan kwaikwayo na kan titi da cikin gidaje, wanda ake farawa a goman tsakiya, bayan jiki ya saba da azumi.

A dubi yadda ake shirya wasan Tsoho da Gemu. Yaro ɗan shekara goma zai sami auduga ya manna a haɓa da ƙaro ko ruwan koko, ya shafa toka a gira, ya zura babbar rigar kakansa da ke jan ƙasa, ya tura tsumma a baya don ya yi doro, ya dogara sanda. Abokansa na biye da gwangwani da tsinken kiɗa. Su tsaya a zaure su yi sallama su ce ga 'yan tashe. Daga ciki a ce "A yi", ko a ce "An yafe". Idan an ce a yi, tsohon ya shigo tsakar gida yana rawar jiki yana tari, mata na dariya har wata ta dafa bango. Can sai uwar gida ta ƙura masa ido ta ce, "Kai, ba ɗan gidan Malam ba ne wannan? Gobe zan gaya wa Iya irin rawar da ka taka." A kawo musu gero a murfin kwano ko 'yan kuɗi, su yi godiya su wuce gida na gaba.

A wannan ɗan lokaci an yi abubuwa da yawa. Yaro ya ɗanɗani tsufa a jikinsa. Matan da ke kulle sun sami kallo har gida. An yi sadaka a watan da aka fi son yin ta. Kuma an gane yaron, wanda shi ne ginshiƙin abin duka: ya san idan ya wuce gona da iri, labari zai riga shi isa gida.

Sauran wasannin ma haka suke, kowanne da wanda yake tsokana. Jatau Mai Magani yana kwaikwayon mai tallar sassaƙe da saiwoyi, yana lissafa itatuwa da cututtukan da suke warkarwa, ta haka yaran birni ke jin sunayen tsirran da ba su taɓa gani ba. Akwai wasan malamin da ake tuhuma da taka rawa yana rantsuwa bai yi ba, alhali gemunsa na kaɗawa. Akwai na mai zari da ya cika ciki wajen buɗa-baki har tashi ya gagare shi. 'Yan mata kuma su ɗauki Mairama da Daudu, ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji, ɗaya ta zama amarya, su fito da zaman aure fili da daɗinsa da rigimarsa. Malami da attajiri da maigida da mai magani, duk wanda ba a iya duban idonsa a faɗa masa magana a sauran watanni, a waɗannan darare yaro na iya kwaikwayonsa a gabansa, shi kuma ya yi dariya ya ba da tukuici.

Manya ma suna da nasu. A birnin Kano akwai Nalako, sarkin gwagware, sarauta ce da fada ta san da ita. Shi da jama'arsa suke kamun gwauro: su bi wanda ya rabu da matarsa bai sake aure ba, su ɗaura masa igiya, su zaga da shi da kiɗa har sai ya fanshi kansa. Abin dariya ne, amma saƙo ne ga mazan da ke wasa da igiyar aure. Abin lura a nan shi ne wasan yana da shugaba. Akwai wanda aka sani, wanda za a kira idan an yi ba daidai ba.

Kalankuwa da lissafin gona

Tashe ba shi kaɗai ne bikin da garuruwan karkarar Kano suka sani ba. Babban bikin samari da 'yan mata a ƙauye shi ne kalankuwa, wanda ake yi da kaka bayan an kai amfanin gona rumbu. Sarkin samari ne ke kiran taro, a gayyato ƙauyukan maƙwabta, a ɗauko makaɗan kalangu, a yi dambe da kokawa. A ciki kuma samari su kafa gwamnatin wasa: wannan gwamna, wannan alƙali, wannan ɗan sanda, wannan likita. Wanda ya karya dokar fili a gurfanar da shi a ci shi tara, kuɗin su shiga asusun biki. Har a gidan sarauta akwai irin wannan, wato wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa.

Dalilin da ya sa kalankuwa ta ja baya a kewayen birni alhali tashe na nan da ransa yana cikin lissafin lokaci. Kalankuwa ta dogara da gona. Sai kowa ya girbe a lokaci guda, kuɗi sun shigo hannu a lokaci guda, aiki ya tsaya a lokaci guda, sannan gari zai iya ware kwanaki yana wasa. Tashe kuwa da wata yake tafiya. Azumi na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, yana zaga rani da damina da hunturu cikin shekara 33 ko kusa da haka, kuma duk inda ya faɗo kowa yana cikinsa, manomi da lebura da direban tirela. Gona na iya zama fuloti, amma watan azumi ba ya sayuwa. Haka ma Takutaha, da ake hawa Dutsen Dala mako guda bayan Mauludi, ta ɗore saboda ranarta a kalandar Musulunci take.

Da masana'antu suka iso

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya mai da ita cibiyar gyaɗa da fata. Bompai ce ta fara zama unguwar masana'antu tun ƙarshen zamanin Turawa, daga baya aka buɗe Sharada kashi-kashi, sannan Challawa, wadda ta yi suna da kamfanonin jima. Masaƙu da kamfanonin roba da na man girki da na alewa suka jawo ma'aikata daga ko'ina a Arewa, har da Kudu da Nijar. Duk wanda ya zo yana neman ɗakin haya kusa da wurin aiki, kuma ƙauyukan Kumbotso ne mafi kusa da sauƙin kuɗi. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar sun kusa 300,000, kuma duk mai bin hanyar Panshekara ya san an ƙaru sosai tun daga lokacin.

Wannan ya sauya abubuwa uku da bikin gari ke tsaye a kansu. Na farko fili: dandalin da ake taruwa da gonakin bayan gari dillalai sun yanka su. Na biyu lokaci: mai aikin kamfani ƙarshen wata yake jira, ba kaka ba, kuma idan yana aikin dare, lokacin da yara ke fita tashe shi yana bakin inji. Na uku sanayya: a layin da rabin gidajensa 'yan haya ne masu shekara ɗaya ko biyu su tashi, uwar gida ba za ta iya cewa ga ɗan gidan wane ba.

Sai kuma aka sami koma-baya. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 zuwa matsalar wutar lantarki da kwararowar atamfa da kayan waje masu araha, masana'antu da dama a Sharada da Challawa da Bompai sun rufe ko sun rage ma'aikata. Iyalan da aiki ya kawo ba su koma ba, domin 'ya'yansu nan aka haife su. Aka wayi gari da samari masu yawa, babu gonar gado, babu aikin kamfanin da ubanninsu suka yi, babu kuma sarkin samarin da zai tattara su. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ɗauki wuƙa ya shiga ayarin tashe ba tashe ne ya koya masa ba, ya sami duhu da cunkoso da fuskar da aka shafe da gawayi ne a wurin da ba wanda zai gane shi.

Hujjar kowane ɓangare

Hujjar jami'an tsaro ba ta wasa ba ce. Ƙwacen waya ya ci rayuka a Kano, kuma ayarin samari da dare, da kiɗa da ɓad da kama, abu ne mai wuyar tsarewa. Uban da ya hana ɗansa fita ba ƙin al'ada yake yi ba, tsoro yake ji. Matsalar dakatarwa ta bai-ɗaya ita ce ta fi kama wanda ba shi da laifi. 'Yan mata masu tashen cikin gida da yara ƙanana su ne ke jin sanarwa su zauna. Ɗan daba ba ya neman izini tun farko. Wake ɗaya ya ɓata gari, sai aka zubar da garin aka bar waken.

Malamai ma suna da abin cewa, kuma ba bakinsu ɗaya ba. Wasu na ganin kiɗa da rawa da shigar mace ga namiji ba su dace da watan ibada ba, ga shagaltar da yara daga asham da tafsiri. Wasu na ganin wasan yara ne mai ɗauke da wa'azi, wanda malaman da suka gabata suka gani suka ƙyale. Ko a da, tashe yana da iyaka da kowa ya sani: ba a fara shi sai goman farko ta wuce, kuma idan goman ƙarshe ta kama hankali na komawa ga tahajjud da shirin Sallah.

Akwai kuma ƙorafin da masu son tashen da kansu ke yi, cewa ya zama bara. Yaro ya tare adaidaita sahu a mararraba, bai yi shiga ba, bai iya wasa ko ɗaya ba, hannu kawai yake miƙawa. Wannan gaskiya ne, kuma alama ce ta yankewar koyo. A da ƙane yana bin ayarin yayansa shekara biyu ko uku yana riƙe ƙwarya kafin a ba shi gemu. Duk shekarar da aka hana, an rasa aji guda na masu koyo, abin da zai saura a hannun na baya shi ne karɓar kuɗin kawai.

Yadda ƙauyukan Italiya suka riƙe nasu

Mutanen Italiya suna da biki mai kama da wannan, wanda shi ma yake manne da azumi. Kafin Kiristoci su shiga azuminsu na kwana 40 gabanin Ista, ana yin karnibal: a sa fuskokin wasa, a tsokani masu mulki da masu kuɗi, a ci a sha. Duniya ta fi sanin na birnin Venis, wanda ya mutu bayan faɗuwar daular birnin a 1797, sai a 1979 aka farfaɗo da shi, yau kuma baƙi ne suka fi cika shi. Amma darasin da ya shafe mu yana ƙananan ƙauyuka.

A tsibirin Sardiniya akwai ƙauyen Mamoyada, mai mutane kimanin 2,500. Ranar 17 ga Janairu ake fara fitowa. Kashi ɗaya, Mamutones, suna sa baƙar fuskar katako da buzun tumaki, a bayansu an ɗaure ƙararrawa masu nauyin da ke kaiwa kilo 30. Suna tafe a layi biyu ba magana, suna girgiza kafaɗa lokaci guda, ƙarar na tashi tamkar tsawa. Kashi na biyu, Isohadores, masu jajayen riguna ne da igiya a hannu, suna wurga ta su zarge wani cikin 'yan kallo. Wanda aka kama yana ɗaukar abin a matsayin sa'a. Bakano da ya san kamun gwauro ba zai ga baƙon abu a nan ba. A ƙauyen Iskinyano kuma, kusa da tafkin Komo a arewacin ƙasar, wanda mutanensa ba su kai 1,000 ba, masu wasa na rabuwa gida biyu: "kyawawa" masu ƙaton tumbi da kayan ado, da "munana" masu tsummoki suna jan tsohuwar akwati. Attajiri da talaka ke nan, a garin da mazansa suka daɗe suna tafiya cin rani.

Waɗannan ƙauyuka sun ga irin abin da muke gani. Masana'antun manyan birane sun kwashe musu samari, noma da kiwo sun ja baya. Abin da ya riƙe bikinsu shi ne sun ba shi masu shi. A Mamoyada ƙungiyoyin 'yan gari ne ke ajiye kaya, su ke shirya masu fita, su ke koya wa yara tafiyar tun suna ƙanana. Akwai masassaƙan da aka sani da sassaƙa fuskokin, akwai gidan tarihi na fuskokin wasa a cikin ƙauyen. Ranar fita sananniya ce, hanyar da za a bi sananniya ce, hukuma na tsare hanya ne kawai. Mai fuskar katako baƙo ne ga ɗan yawon buɗe ido, amma ƙungiyarsa ta san sunansa da gidansu.

Ba komai nasu ne zai yi mana ba. Bikinsu akwai giya da cakuɗuwar da addininmu bai yarda da su ba, kuma matsalarsu ƙarancin mutane ce, tamu yawa. Haka kuma akwai hatsari idan biki ya koma na 'yan kallo zalla. Karnibal ɗin Kalaba, da gwamnatin Kuros Riba ta fara a 2004, ya kawo baƙi da ciniki, amma tsari ne na gwamnati da kasafin kuɗi. Tashen da aka kwashe daga tsakar gida aka kai filin wasa da rumfar manyan baƙi ya rasa matan kulle, ya rasa murfin kwanon gero, ya rasa damar da yaro ke da ita ta tsokanar maƙwabcinsa attajiri.

Abin da zai yiwu

Kano ba baƙuwar tsara taro ba ce. Hawan Sallah, da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, yana tara dawaki da jama'a masu ɗimbin yawa, kuma ya daɗe yana gudana saboda kowane ayari yana ƙarƙashin hakimin da zai amsa tambaya a kansa. Wannan tsari ne tashe ke buƙata a ƙaramin mataki.

A gari irin Zawaciki kayan aikin suna nan: dagaci da masu unguwanni, limamai, malaman Islamiyya, ƙungiyoyin ci gaban unguwa, 'yan sintiri. Kowane ayari ya kasance da babba guda da mai unguwa ya rubuta sunansa. A tsayar da lokaci, daga bayan asham zuwa sa'ar da aka amince. Kowa ya yi a unguwarsa, ban da hawa babban titi inda tireloli ke wucewa, ban da sanda mai kaifi ko wani makami da sunan kayan wasa. Tsofaffin da suka iya wasannin su zauna da yara tun cikin Sha'aban. 'Ya'yan 'yan haya su shiga ayari ɗaya da 'ya'yan 'yan gari, domin ta haka layi ke sanin yaransa. Kamfanonin da ke maƙwabtaka, waɗanda dama sukan raba kayan azumi, suna iya sa fitilu a lungunan da ake bi. Idan an yi haka, ɗan sanda ya sami abokin magana, kuma duk ayarin da ba shi da mai shi ya fita daban, ana iya tare shi ba tare da an taɓa na yara ba.

Wannan ba zai buɗe masaƙar da ta rufe ba, ba kuma zai ba saurayi aikin yi ba, kuma muddin babu aikin, daba za ta nemi wata rigar ta sa ko da an kashe tashe gaba ɗaya. Amma unguwar da ta iya zama ta tsara wasan 'ya'yanta na kwana goma ta koyi sanin junanta, kuma wannan sani zai yi mata amfani a sauran watanni goma sha ɗaya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Zaman da za a yi tsakanin masu unguwanni da iyaye da jami'an tsaro, a watan Sha'aban ya kamata a yi shi, tun sanarwa ba ta fito ba.